Daga Hannun Mishan zuwa Hannun Hukuma

Sa'ad da Turawa suka ci ƙasar Arewa, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari ba zai taɓa addininsu ba, saboda haka aka taka wa 'yan mishan birki a biranen Musulmi, inda tun fil azal almajirai ke tashi daga allo su shiga fiƙihu da nahawu, hukuma kuma ta kafa tata makarantar, wadda Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909, Kwalejin Katsina ta biyo baya a 1921, galibi domin waɗanda za su riƙe aikin En'e.

Amma ƙasar da a yau muke kira Kudancin Kaduna, ta Gbagyi da Adara da Bajju da Ham da Atyap, ba ta sami wannan rabo ba, sai aka bar ta ga masu bishara. Mishan na SIM suka sauka Kwoi a 1910, daga bisani Kagoro, 'yan Katolika su ma suka shigo, jirgin ƙasa kuwa ya mai da Kafanchan mahaɗa; kuma ko da yake manufar 'yan mishan ita ce yaro ya iya karanta Littafi, wanda ya iya wannan, ai ya iya karanta takardar haraji, ta haka ɗan manomi ya zama malami da akawu da ma'aikacin asibiti.

Bayan yaƙin basasa, gwamnatin soja ta karɓe makarantun mishan, har St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi. Sai shirin ilmin firamare ga kowa, wato UPE, ya zo a 1976, yara suka yi ambaliya fiye da yadda aka ƙiyasta, aka horar da malamai cikin gaggawa, aka yi azuzuwa a ƙauyuka irin na kewayen Kujama. Haƙiƙa adalci ne, domin ilmi ya daina zama na mai gata, illa dai an ƙirga ɗalibai an manta da mai koyarwa, shirin da ya gaje shi, UBE na 1999, ma bai warkar da wannan ciwo ba.

A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta aji huɗu, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. An yi ta jayayya kan sahihancin jarrabawar, amma hukumar da ta kore su ita ce tun farko ta ɗauke su aiki.