Halal ne, amma ɗayyib ne? Gubar da ke shiga tukunyarmu

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kifi ya ƙara zama dukiyar ƙasar Yauri. Daga tungayen Ngaski da Shanga ake sauke kwandunan banda a kasuwar Yelwa, daga nan a yi Kudu da su. Sana'a ce ta halal, babu ja. Sai dai Shari'a ba ta tsaya ga halascin abinci kaɗai ba, ta nemi ya zama ɗayyib, wato mai kyau marar cutarwa. A nan ne gizo ke saƙa.

Busasshen kifi ƙwari ne abokan gabarsa. Don gudun asara, wasu 'yan kasuwa kan yayyafa masa fiya-fiya ko Sniper, kamar yadda ake yi wa wake a rumbu. Sinadarin da ke cikinsu, dikulobos, gona aka yi shi dominta, ba akushi ba. Yana taɓa jijiyoyi, kuma yana cikin waɗanda masana ke zargi da jawo ciwon daji. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Abin da baƙo ya ƙi, shi muke dafa wa 'ya'yanmu.

Wanda ya fi wannan muni shi ne zuba Gamalin a ruwa don kifi ya taso. Sinadarinsa, lindan, a 2015 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya shi cikin sahun da aka tabbatar suna haddasa cutar ga ɗan Adam. Ruwan nan kuwa shi masunci ke sha, shi yake alwala da shi.

Malaman fiƙihu ba su yi saɓani ba a kan haramcin ɓoye aibin haja. Ina ganin wanda ya fesa wa kifi guba ya yi shiru ya wuce mai algus a mudu: wancan kuɗi ya tauye, wannan lafiya ya taɓa, kuma mai saye ba zai gane ba sai bayan shekaru, lokacin da babu wanda zai tuna da kwandon.

Cikin gida ma akwai namu sakacin. Uwargida ta hura icce da leda ko tsohon silifa, ga goyo a baya, a madafi marar taga. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a ce kada a yi almubazzaranci, a niƙe su, alhali funfunar na ɗauke da dafin afulatoksin mai jawo ciwon dajin hanta, wanda dahuwa ba ta kashe shi. Zubar da irin wannan hatsi ba ɓarna ba ce.

Shi wake ba ya ma buƙatar magani. In ya bushe sarai, a zuba shi a jarka ko buhun PICS mai ninki uku, a ɗaure baki tamau; rashin iska kaɗai ke kashe ƙwarin.