2.3 Taskokin Al'adun Hausawa da Matsayin Masu Bayar da Bayanai

Abin da ake nufi da taskar al'adu a wannan bincike shi ne tarin rubuce-rubuce da muryoyi da hotuna da kayan aiki waɗanda wani manazarci ya tattara daga wata al'umma domin adana harshenta da tadodinta. Hausawa na daga cikin al'ummomin da aka daɗe ana yi wa irin wannan aiki, sai dai idan aka duba da kyau za a ga cewa sunan mai tattarawa ne ya shahara, alhali na mai ilimin ya dushe.

Misali na farko shi ne Magana Hausa na J. F. Schön (1885), wanda kaso mai yawa na labaransa daga bakin Dorugu suka fito, wato yaron nan Bahaushe da ya bi Barth zuwa Ingila. Haka kuma Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya buga cikin juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuta yawancinsa da ajami, Edgar ya mayar da shi boko. Shi ma Rattray (1913) aikin Malam Shaihu ya fassara a ƙasar da ake kira Gana a yau. Bugu da ƙari, labarin Baba ta Karo ya fito da Turanci a 1954, amma sai a 1991 aka buga shi da Hausar da ta yi magana da ita, shi ma a Amurka.

Yankin Malumfashi, inda garin Dayi yake, bai fita daga wannan tsari ba. Murray Last ya zauna tare da Maguzawan yankin a farkon shekarun 1970, ya yi nazarin magungunansu da yadda suke fahimtar cuta. Abin da ya rubuta da Turanci yake, don haka jikokin mutanen da ya zauna da su ba za su iya karanta shi kai tsaye ba, sai wanda ya yi zurfi a boko.

Wannan matsala ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Wani Bajamushe mai suna Oswin Köhler ya yi ta zuwa wurin al'ummar Khwe ta arewa maso gabashin Namibiya daga 1959 zuwa 1992, inda ya tattara labarai da harshensu da faya-fayai da hotuna da kayan farauta. Taskar tana Jami'ar Goethe da ke Frankfurt. Abin koyi a nan shi ne, daga baya manazarta sun koma wurin Khwe da waɗannan kayayyaki, aka zauna tare da su ana tantancewa, su ma suka sami ta cewa a kan gadon kakanninsu.

Saboda haka, wannan bincike ya bi ƙa'idoji 3 wajen tattara waƙoƙin niƙa da na gayya da bayanan buɗar daji a Dayi da kewayenta. Na farko, ba a ɗauki muryar kowa ba sai da izininsa. Na biyu, an rubuta kowane bayani da karin harshen mai shi, ba a gyara shi ya koma daidaitacciyar Hausa ba. Na uku, za a bar kwafi a hannun waɗanda suka bayar da bayanan. Dalili kuwa shi ne, injin niƙa ya kori dutse, waƙar da ake yi a kansa ta rage a bakin tsofaffi ƙalilan, kuma idan suka kau, 'ya'yansu ne suka fi kowa haƙƙin jin ta.