Zaɓen Kyanwa Domin Rumbu Da Zamanta Da Sauran Dabbobi

Hakimai da malamansu sun san irin ɓarnar da ɓera ya ke yi wa gero da dawa da gyaɗa bayan kaka. Ban da hasarar abinci kuma, akwai wani irin ɓera da ya ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa cikin ƙasar Borno a 1969. Saboda haka ajiye kyanwa kusa da rumbu abu ne da ya kamata a ƙarfafa wa talakawa. Amma da yawa su kan ƙi, don tsoron kada ta cinye musu 'yan tsaki.

Turawa sun kasa kyanwoyi iri iri, har sun yi babban baje kolinsu a London a 1871. Akwai ta Farisa mai dogon gashi da gajeren hanci. Kyakkyawa ce, amma sai an taje ta kullum, zafi kuwa yana wahal da ita, gama numfashinta ba ya fita sosai. Akwai ta Siyam, watau ƙasar da a ke kira Thailand tun 1939, mai shuɗin ido da yawan kuka, wadda ba ta son a bar ta ita kaɗai. Waɗannan na ado ne. Wanda ya sayi ɗayarsu don gadin rumbu ya ɓad da kuɗinsa.

Kyanwarmu ta gida mai gajeren gashi ita ce ta dace da aikin. Asalinta kyanwar daji ce irin ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta fara kusantar mutane saboda ɓerayen da ke bin hatsinsu. A zaɓi ɗiyar wadda aka san uwarta da farauta, mai ido garau, ba majina, ba ƙuma. Launi bai ƙara kome ba, sai dai mai launi uku, fari da baƙi da ja, kusan kullum mace ce. Muzuru ya cika yawo da faɗa, macen ta fi zama wuri ɗaya. Amma a tuna cikinta kwana 63 ne zuwa 65, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara.

To, zamanta da sauran dabbobi, renon da aka yi mata ya fi irinta ƙarfi. Tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa ne ɗan kyanwa ya ke sabawa da abin da ya ke gani kullum. Shi ya sa ya fi kyau a karɓo daga gidan da a ke kiwon kaji, kuma kada a raba shi da uwarsa kafin mako 8. Babbar kaza da zabo ba su cika tsoron kyanwa ba. 'Yan tsaki da 'ya'yan tantabara su ne ke cikin haɗari, komi sabonta da su, don haka a rufe akurki da dare, a kuma ɗaga ɗakin tantabaru inda ba ta iya hawa.

Da doki da jaki da awaki ba ta da wata rigima. Kare ne abin lura. Shi in ya kaɗa wutsiya yawanci murna ya ke yi, ita kuwa in ta kaɗa tata fushi ne, sai kowa ya kasa gane nufin ɗan'uwansa. Ranar haɗa su a ɗaure karen, a bar mata wurin hawa, kowa da kaskon abincinsa. Karen farauta kam gara a nisanta shi da ita.

Akwai masu hana kyanwa abinci wai don ta ƙara ƙwazo. Kuskure ne. Ƙosasshiya ma tana farauta, mai jin yunwa kuwa ita ce ke faɗa wa akurki. A ba ta guntun nama ko kifi da ruwa mai tsabta. Madarar shanu ta kan sa manya da yawa zawo. Kada a zuba shinkafar ɓera a gidan da a ke da kyanwa, domin in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya mutuwa. Gafiya kuwa ta fi ƙarfin yawancinsu, sai tarko.

Ciwon haukan kare yana kama kyanwa. A kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata allurar rigakafi. Wanda ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, ya tafi asibiti ranar nan. Ana roƙon hakimai su sa a karanta wa dagatai da masu unguwa wannan bayani kafin a fara zuba hatsi a rumbu.