Idan Ƙafar Gaban Tirela Ta Cije

Malam manomi, ƙafar gaba ita ce ƙaramar tayar nan mai hannun murɗawa, wadda ke tokare tirela idan an kwance ta daga tarakta. A ƙasar Katagum, yashin Azare da ƙurar hunturu da damshin fadamar kogin Jama'are sukan sa ta cije, musamman da kaka lokacin kwasar gero da gyaɗa. Kada ka buge ta da guduma, domin tirela mai kaya tana iya faɗo maka a ƙafa. Fara gano musabbabin tukuna.

Da farko, toshe manyan tayoyi da duwatsu, ka maƙala tirelar a jikin tarakta don nauyi ya bar ƙafar, sannan ka murɗa hannun. Idan ya juya sumul, kaya ne suka yi yawa a gaba. Mayar da wasu buhunan saitin manyan tayoyi.

Idan har yanzu yana da tauri, tsatsa ce ko busasshen giris. Zare bututun ciki, wanke sukurun da boris da kananzir, ka shafa sabon giris. Idan kuwa a wuri guda yake cijewa, bututun ne ya lanƙwashe ko maɗaurinsa ya matse; sassauta maɗaurin, in bai saki ba sai makanike.

A ƙarshe, riƙa ɗage ƙafar sama kafin tafiya, kuma ka sa giris kafin damina da bayanta. Rigakafi ya fi magani.