Milton Babbitt: Makaɗin Da Kan Magana Ya Jawo Wa Baƙin Jini

A cikin watan Fabrairu na shekarar 1958, wata mujalla ta Amurka mai suna High Fidelity ta buga sharhin wani malamin kiɗa na Jami'ar Princeton, watau Milton Babbitt. Kan maganar da malamin ya sa wa sharhin nasa yana nuni ne da cewa mai tsara kiɗa masani ne na wani fanni na musamman. Amma sai editan mujallar ya kankare shi ba da shawararsa ba, ya maye gurbinsa da nasa, wanda ma'anarsa ita ce: wa ya damu ko kun saurara? Tun daga ran nan har ƙarshen ransa, shekara 53, jama'a suka ɗauke shi mai girman kai wanda ya raina masu sauraro.

Abin da ya faɗa a sharhin kuwa bai kai haka zafi ba. Cewa ya yi sabon kiɗa ya yi zurfi kamar yadda lissafi da kimiyya suka yi, kuma tun da ba a tilasta wa masanin lissafi ya burge ɗan kasuwa, ya kamata jami'a ta ba mai irin wannan kiɗa mafaka. Ana iya musun wannan ra'ayi, an kuwa musa, amma ba zagi ba ne.

An haifi Babbitt a Filadelfiya ran 10 ga Mayu, 1916, ya tashi a garin Jackson na jihar Mississippi. Mahaifinsa masanin lissafi ne a harkar inshora, shi ma da lissafin ya fara a jami'a a 1931, kafin kiɗa ya rinjaye shi ya koma Jami'ar New York.

A can ne ya duƙufa kan tsarin Arnold Schoenberg, mutumin Ostiriya wanda ya yi hijira zuwa Amurka a 1933. Fiyano tana da sauti 12, farare 7 da baƙaƙe 5, waɗanda ke ta maimaituwa daga ƙasa zuwa sama. Kiɗan Turawa na da yakan fifita ɗaya daga cikinsu, ya zama kamar gida inda ake komawa. Schoenberg ya soke wannan fifiko: a jera duk 12 ɗin bisa wani tsari, a bi jerin, ko a biyo shi daga ƙarshe, ko a kifar da shi, kada wani sauti ya zama sarki. To, Babbitt bai tsaya nan ba. A wasu kiɗe-kiɗen fiyano guda 3 da ya tsara a 1947, har tsawon kowane sauti sai da ya sa shi cikin lissafin jeri, daga baya kuma ya haɗa da ƙarfinsa.

Irin wannan kiɗa yana wahalar da yatsun makaɗa ƙwarai. Saboda haka ya yi murna da wata ƙatuwar na'ura ta kamfanin RCA, mai suna Mark II, wadda ake ba umarni da takarda mai huji-huji, ta fitar da sauti daidai yadda aka auna. Da ita ya tsara Philomel a 1964 domin mawaƙiya Bethany Beardslee, bisa tatsuniyar Girkawa ta wata mace da aka yanke wa harshe ta rikiɗa tsuntsuwa. Muryar mawaƙiyar tana amsa wa muryarta da aka naɗa aka jirkita, kuma ko masu ƙinsa sukan yarda akwai ban tausayi a ciki.

Abin mamaki, mutumin da aka ce ya raina jama'a ya busa sarewa a ƙungiyoyin kiɗan jaz tun yana yaro, ya haddace waƙoƙin yayi masu ɗimbin yawa, har ya tsara wasan kwaikwayo na waƙa a 1946, wanda ba a kai ga nunawa ba. Ɗaya daga cikin almajiransa, Stephen Sondheim, ya zama gwarzon irin waɗannan wasanni a Broadway.

Ita kanta jami'ar da ya nema wa kiɗa mafaka a cikinta ba ta yi saurin fahimtarsa ba. Kundin digirin dakta da ya rubuta a 1946 kan tsarin sauti 12, Princeton ba ta karɓe shi ba sai a 1992, bayan shekara 46, alhali kwamitin kyautar Pulitzer ya riga ya karrama shi tun 1982. Ya rasu a Princeton ran 29 ga Janairu, 2011, yana da shekara 94.