Masu Sayar da Shuɗin Sama

A harshen Ingilishi akwai lafazin da Turawa ke kiran sararin samaniya da shi, watau "blue sky", ma'anarsa shuɗin sama. Kalmar farko ita ce asalin bular nan da ake zuba wa farar riga wajen wanki. Sau da yawa sukan yar da kalmar sama, su ambaci shuɗin kaɗai, kowa ya gane. Idan baƙo ya faɗo ba aike, ko labari ya zo ba zato, sai su ce ya fito daga cikin shuɗi, tamkar tsawa ranar da babu ko ɗigon girgije.

Amma a bakin 'yan kasuwar Amurka lafazin ya ɗauki ma'ana mai nauyi. A farkon ƙarni na 20 manoman jihar Kansas sun sami wadata, sai mazambata suka yi musu caa, suna bin ƙauyuka da takardun hannun jari masu ado, na ramin zinariya ko rijiyar mai a wata ƙasa mai nisa da ba wanda ya taɓa gani. Manomi ya ba da kuɗin alkamarsa ya karɓi takarda. Ranar neman riba, ba kamfani ba dillali. Har aka riƙa cewa in an ƙyale mutanen nan, za su yanka sama fuloti-fuloti su sayar.

Mai kula da bankunan jihar, Joseph Dolley, ya tsaya tsayin daka har aka kafa doka a 1911, cewa ba mai sayar da hannun jari sai ya kai wa hukuma bayanin dukiyar kamfaninsa, ta bincika, kana ta ba shi izini. Aka yi mata laƙabi da dokar shuɗin sama. Wasu jihohi suka yi koyi, dillalai suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar da irin waɗannan dokoki a 1917. Amma fa mazambatan ba su rasa dabara ba, sai suka koma aiko da takardunsu ta gidan waya daga wata jiha. Bayan rushewar kasuwa a 1929, gwamnatin tarayya ta kafa tata dokar a 1933.

Malamai ba za su ji wannan baƙon abu ba, domin littattafan fiƙihu sun daɗe da hana cinikin garari, suna misali da tsuntsu a sararin sama da kifi a cikin ruwa. Fiƙihu ya dubi cinikin kansa ya ɓata shi, ita kuwa dokar Kansas ta tare mai hajar tun kafin ya shiga kasuwa.

Lafazin bai zama zagi a ko'ina ba. In za a sayar da kamfanin dillancin motoci a Amurka, abin da mai saye ya ɗora bisa kuɗin gini da kaya, saboda sunan gidan da masu cinikinsa, shi ma shuɗin sama ake ce masa, kuma akan rubuta shi cikin takardar ciniki.