Lissafin Da Ke Yaudarar Kwamfuta: Me Ya Tabbata a Kan kmalloc?

Duk wanda ya fara leƙa cikin kanel ɗin Linux, wato uwar manhajar da ke juya sabar intanet da wayoyin Android da ke aljihunmu, zai ci karo da layi mai kama da wannan: kmalloc(n * size). Ma'anarsa a ba ni wurin ajiya a memori da zai ɗauki abubuwa n, kowanne girmansa size. Maganganu da yawa na yawo a bakin masu koyo game da wannan ɗan layi, wasu gaskiya, wasu ƙanzon kurege.

Mafi haɗarinsu ita ce wai ninka lamba biyu ba ya ɓaci, tunda kwamfuta ba ta kuskuren lissafi. Ƙarya ce. Lambar da ke cikin gurbi mai bit 32 ba ta wuce 4,294,967,295. Idan ta haura, sai ta koma sifili, kamar mitar tsohuwar mota da ta cika. A ce mugu ya turo n a matsayin 1,073,741,825, kowane abu kuma bayit 4 ne. Amsar gaskiya 4,294,967,300 ce, amma abin da ya rage bayan juyawar shi ne 4. Kanel zai ba da bayit 4 cikin natsuwa, manhajar kuma ta ci gaba da zuba kaya tana zaton ta samu rumbu, alhali ko cikin cokali ba a ba ta ba. Duk abin da ke maƙwabtaka da wurin sai a tattake shi, kuma ta irin wannan ƙofa ake ƙwace na'ura baki ɗaya. Shi ya sa aka shigar da kmalloc_array a Linux 3.4 a 2012: tana karɓar lambobin biyu daban, ta duba ko ninkinsu zai haura, idan zai haura ta dawo da NULL, wato alamar ba a samu wuri ba.

Sai masu cewa ai zamanin bit 64 ya binne matsalar. Ya rage ta dai. Idan duka lambobin an ajiye su a gurbin bit 32, harshen C zai ninka su a bit 32 ɗin ko da injin babba ne, kuma har yau akwai tarin ƙananan na'urori masu ARM na bit 32 da ke gudu da kanel ɗin nan. Da maganar ta mutu, da Kees Cook da abokan aikinsa masu gyaran kanel ba su bi dubban layuka a 2018 suna gyarawa ba, lokacin da Linux 4.18 ya zo da struct_size da array_size, masu duba irin wannan ninkin.

Wai kcalloc da kmalloc_array abu guda ne? Kusan. Dukansu suna duba ninkin, sai dai kcalloc tana share wurin da sifili kafin ta miƙa. Wanda ya ɗauki wurin da ba a share ba, ya cika rabi, ya tura wa manhajar mai amfani, to ya haɗa da ragowar sirrin wanda ya riga shi zama a wurin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu ɗaukar kmalloc_array kamar laya. Aikinta ya ƙare a bakin ƙofa. Ta ba ka gurbi goma lafiya lau, ka je ka rubuta a na goma sha ɗaya, ba ruwanta. Ba ta kuma san ko n ɗin da aka kawo na hankali ba ne. Sanya masa iyaka aikin mai rubutu ne. Akwai ma wani tarko: ka nemi bayit sifili, ba NULL za ta ba ka ba, wata alama ce mai suna ZERO_SIZE_PTR, wadda za ta tsallake bincikenka, ka taɓa ta kanel ya faɗi.

Labarin cewa an kori jerin da girmansa ke canzawa daga sitak, wato ɗan wurin ajiyar wucin gadi na kanel, gaskiya ne. An kammala a Linux 4.20, ƙarshen 2018. Sitak ɗin kanel a injin x86 mai bit 64 kilobayit 16 ne kacal, ba wurin da za a bar baƙo ya zaɓi girma ba ne.

Saura batun cewa ƙaramar buƙata ba ta taɓa gazawa. Idan aka ba wa kmalloc alamar GFP_KERNEL ba kasafai take gazawa ba, domin kanel zai jira ya ƙwato wuri, amma babu wanda ya yi alkawari, kuma da GFP_ATOMIC, inda ba a yarda da jira ba, tana gazawa sosai. Babban jeri kuwa, tunda kmalloc wuri a haɗe take nema, kvmalloc_array ta fi dacewa da shi.

Don haka mai karatu, in ka ga alamar ninkawa a cikin bakan kmalloc, raba lambobin, sanya wa n iyaka, sannan ka duba NULL kafin ka rubuta ko bayit ɗaya.